Taken Jirgi na Gidan Jagessar

Barrackpore, Trinidad
21 ga Fabrairu, 1988

Ƙanena Budram,

Sita Ram. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata sanyin Kanada bai cinye maka yatsu ba tukuna. Mu nan lafiya, sai tokar rake da ta ishe mu, don an fara ƙona gonaki, in ka shanya farin kaya sai ka kwashe baƙi. Saniya ta haihu, mace. Tanti Rukmin ta maƙwabta tana gaishe ka, ta ce har yau ba ta yafe maka mangwaronta ba. Baba kuwa, kawunka da kake kira Mamu, yana nan yadda ka bar shi. Ƙafa ta kumbura, amma bakin lafiya lau.

Aikin da na faɗa maka ya tabbata. Makarantun firamare biyar aka ba mu, ni da Mista Cudjoe na Moruga, kowace makaranta yini ɗaya a mako. Shi yana koya wa yara gangunan kakanninsa na Afirka, ni ina koya musu gangunanmu tassa da dolak da waƙoƙin bikinmu na Indiya, in an kusa tashi mu haɗa su gaba ɗaya. Hayaniyar sai wanda ya ji. Ranar farko a makarantar Misis Alleyne, na tara busasshen ganyen kwakwa na kunna wuta a fili don in gasa fatar ganga, ka san tassar yumɓu ba ta magana sai ta ji wuta. Sai ga matar nan a guje, takalmi ɗaya a hannu, tana ihu, "Malama, kiɗa aka ce ki koya musu ko ƙona mini makaranta?" Yanzu bayan banɗaki nake kunna wutata kamar mai laifi, yaran kuma sun fi son gashin fata da kiɗan kansa.

To, ga ainihin maganar. Baba ya ji labari a shagon Chin. Ina dawowa na same shi zaune a bakin rumfar ganguna.

"Wa ya ce ki kwashi gangunana ki kai wa 'ya'yan kowa da kowa?"

Na ce, "Baba, shekara uku suna rataye, ɓeraye ne kaɗai ke buga su."

"Ɓera dai ɗan gida ne. Ke wa ya koya miki ma?"

"Bayan garken saniya, a gindin bokiti. Kana rufe ƙofa da Budram, ni ina jin sauti ta bango."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce hannuna na hagu malalaci ne, tun ina 'yar shekara tara yake jin lalacinsa ta bango. Ka ji fa. Ashe shekara talatin ya san abin da nake yi bai taɓa cewa uffan ba. Ban san ko kuka zan yi ko dariya ba, sai na shiga na ɗora miyar waken dal.

Da na ga fuska, washegari na yi masa zancen Taken Jirgi. Ka san yadda yake. Kakansa ne ya zo da shi daga Indiya, mutum ɗaya ake ba wa a kowane zamani, kuma sau ɗaya yake buga shi a fili, ranar da za a ƙone gawar wanda ya ba shi. Ni ban taɓa jinsa ba, kai ma ba ka ji ba. A duniyar nan yau cikin kan Baba kaɗai yake, Baba kuma shekararsa saba'in da tara. Na ce ya ba ni ajiya kawai, in ka dawo in miƙa maka. Ya ce, "Ba a ba da shi ajiya, ba tunkiya ba ce. Na Budram ne. Ya zo ya karɓa."

Saboda haka ka zo. Ba don ni ba. Mutumin nan shi ya ɗauko ka ranar da aka ƙone gawar ƙanwarsa mahaifiyarka, ya ba ka abin da bai ba 'yar cikinsa ba, kuma kai yake jira. Wata takwas ka ce za ka yi a gonar tuffa, ga shi ana neman shekara biyu.

Didinka,
Samdaye

Ontario, Kanada
9 ga Afrilu, 1988

Yayata Didi Samdaye,

Sita Ram. Na samu wasiƙarki, na karanta ta sau uku, na ji kamar kina tsaye a kaina da muciya. Ina lafiya, sai tari da ya ƙi barina tun Janairu. Yatsu suna nan goma. Ki gai da Tanti Rukmin, ki ce mata mangwaron ma tsami gare shi. Ga man zafi nan a cikin ƙunshin, a riƙa shafa wa Mamu a ƙafa safe da yamma.

Labarin wutar bayan banɗaki ya sa ni dariya har ɗan Jamaika da muke ɗaki ɗaya ya ce ko aljanu ne. Na ji daɗi, Didi, da gaske nake. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni a nan rabona da sanda tun da na zo, sai dai in buga a gwiwa cikin motar gona.

Maganar zuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban faɗa muku ba don kunya: takardar izinin zamana ta ƙare tun bara, na shigar da wata, an ce in jira. In na fita ƙasar nan yanzu, ƙofa ta rufe ke nan har abada, kuma me zan dawo in yi a gida, saran rake da tari? Lauyan da ke duba mana ya ce kafin bikin Diwali na ƙarshen shekara za a ji wani abu. Ki ce wa Mamu ya ba ni zuwa Diwali. Ke da kanki kin ce bakinsa lafiya lau, wanda yake da ƙarfin zagi ai da sauransa.

Abu ɗaya zan roƙe ki. Kada ki ƙara yi masa zancen Taken Jirgi. Na san ki, in kika sa abu a gaba sai kin ga bayansa, shi kuma in aka matsa masa sai ya ƙara ƙulle baki. Ki bar shi da abinsa. In lokaci ya yi shi ya san yadda zai yi, ba da roƙo ake karɓar wannan ba.

Ki taɓa mini ƙafarsa don girmamawa.

Ƙanenki,
Budram

Barrackpore
5 ga Yuni, 1988

Budram,

Sita Ram. Ina fata tarin ya sake ka. Ni lafiyata lau. Baba ne ba lafiya, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Ranar Talata ta makon jiya da safe ya faɗi a bakin famfo yana wanke baki. Ina makaranta, Tanti Rukmin ce ta gan shi ta shinge. Kwana shida muka yi a asibitin San Fernando, ranar Litinin aka sallame mu. Ɓarin jikinsa na hagu ya mutu, baki ya karkace, magana ta tafi gaba ɗaya. Bakin nan da ka ce da sauransa. Ido kawai yake bin mutum da shi, da hannun dama. Ina ba shi ruwan dal da cokali, rabi ya shiga rabi ya zubo.

Na karanta masa wasiƙarka tun a Afrilu. Da na kai wurin Diwali sai ya tashi ya shiga rumfa, ya sauko da tassar nan tasa ƙarama ya yi ta shafa fatarta. Ni kuma na fahimci saƙonka sarai. Kada in ƙara yi masa zancen, in bar shi da abinsa. Wato kada Samdaye ta yi maka shigar sauri ta ɗauke gadonka kafin ka gama da lauya. Ka kwantar da hankalinka. Ban ƙara buɗe baki a kai ba, ko sau ɗaya, yanzu kuma ko na buɗe babu mai amsa mini. Gadonka yana nan a kulle, makullin ne ya karye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hannun nan na dama. Ba ya hutawa. Da na zauna kusa da shi sai ya laluɓo damtsena ya kama, yatsun su fara rawa a kai, uku a jere, ɗaya mai nauyi, biyu da sauri, sai su ɗan tsaya a sama, sai su sake. Haka zai yi ta yi har fatar wurin ta yi ja. Na tambayi nas ɗin da ke zuwa ranar Juma'a, ta ce jijiya ce, masu irin wannan ciwon da yawa suna yi, in riƙa danne hannun a hankali har ya lafa. Haka nake yi. In ɗora tafina a kai in ce, "Huta, Baba, huta." Sai ya tsura mini ido kamar zai cinye ni. Mutumin da hannunsa ya sa amare ɗari kuka, yau ga shi hannun yana rawa shi kaɗai ba da izininsa ba. Ina jin tausayinsa har cikin ƙashina.

Makarantu ban daina ba, don in na zauna a gida zan haukace. Tanti Rukmin na zama da shi har ƙarfe uku. Misis Alleyne ta ce in ɗauki hutu, na ce a'a. Ita ce ma yanzu take ajiye mini ganyen kwakwa a ofishinta. Akwai wata yarinya a ajinta na huɗu, Verna, 'yar mutanen Cudjoe ce, ko kalmar Hindi ɗaya ba ta sani ba, amma in ta riƙe sanda sai ka rantse a gidan biki aka haife ta. Na taɓa ba Baba labarinta kafin ya faɗi, ya ce, "Hannun hagunta fa?" Na ce ya fi nawa. Ya ce wannan ai ba yabo ba ne.

Ban ce ka zo ba. Na faɗa sau ɗaya, ya isa.

Samdaye

Barrackpore
31 ga Yuli, 1988

Budram,

Sita Ram. Mako takwas ke nan babu ko layi ɗaya daga gare ka. In ba ka da lafiya ne, ka sa ɗan Jamaikan ya rubuto. In fushi kake yi da abin da na faɗa, to ka yi fushinka da ni, amma ka rubuto wa tsohon nan gaisuwa in karanta masa. Duk ranar da mai kawo wasiƙu ya wuce a keke, yana jin ƙararrawar, idonsa ya koma ƙofa.

Ruwa ya yi mana yawa bana. Kogi ya haye titi sau biyu, shinkafar Tanti Rukmin ta nutse, wayar shagon Chin ta mutu tun ambaliyar farko ba a gyara ba. Ɗanshi ya shiga fatun tassa, sai in gasa sau uku kafin su yi sauti. An rufe makarantu don hutu, amma Mista Cudjoe ya samo mana zauren unguwa, yara ashirin da wani abu suna zuwa ranar Asabar. Muna shirya musu wasa na ƙarshen shekara.

Baba ya rame. Ƙashin kafaɗarsa kamar maratayin riga. Ya fara ƙin abinci, sai na yi da gaske.

Zan faɗa maka wani abu da ban faɗa wa kowa ba. Rawar hannun nan ta ƙaru, kuma ni kaɗai yake yi wa. Tanti Rukmin ta ce yini guda za ta zauna hannun yana kwance kamar na jariri, ina shigowa sai ya fara lalube. Uku, ɗaya, biyu, ya tsaya, ya sake. Ranar Lahadi na danne shi kamar kullum, sai ya fizge, ban san yana da sauran wannan ƙarfin ba, ya mare ni a hannu, ya sake kama damtsen. Na ce, "Baba, don girman Ubangiji ka bari, ciwo nake ji." Sai hawaye ya zubo masa ta idon da ke da rai. Tanti Rukmin ta ce, "Ɗiyata, ganinki ne yake tayar masa da hankali. Uba ba ya son 'yarsa ta ga tsiraicinsa, ke ce mai wanke shi, ke ce mai juya shi. Ki rage masa."

Na ga kamar gaskiyarta. Sai na ɗauke kujerata na mai da ita ɗaya gefen gadon, wajen hannun da ya mutu. Daga nan nake ba shi abinci yanzu, daga nan nake karanta masa littafin addu'a. Hannun daman yana miƙowa ya kasa kaiwa, sai ya yi ta yi a kan zanin gado, ba sauti. Kwana biyun nan ma ya rage. Nas ta ce alamar sauƙi ce.

Ni dai ban ga sauƙi ba. Ba ya kallona kuma, bango yake kallo. Na gaji, Budram. Shekara talatin ina neman mutumin nan ya dube ni, da ya dube ni kuma na kasa ɗauka.

Ka rubuto.

Didinka,
Samdaye

Ontario
3 ga Satumba, 1988

Didi,

Sita Ram. Lafiyata lau, bar wannan. Ki karanta ki tashi, kada ki ajiye takardar nan sai kin yi abin da ke ciki.

Tun farkon Yuni aka kwashe mu zuwa wata gonar taba mai nisa, wasiƙunki biyu suna tsohon masauki, yau da rana wani direba ya miƙo mini su tare. Ban san Mamu ya faɗi ba. Na rantse da kan mahaifiyata ban sani ba. Na buga wayar shagon Chin sau bakwai daga bakin titi kafin in kai wurin da kika ce ta mutu.

Didi, ba jijiya ba ce. Ba ciwo ba ne. Koya miki yake yi.

Ke ta bango kike ji, ba ki taɓa ganin abin da ake yi a cikin rumfar ba. Shekarata ta farko Mamu bai bar ni na taɓa ganga ba. Zaunar da ni yake yi, ya kama damtsena, ya buga mini take da yatsu a kan fata, gaɓa ɗaya kawai, sai ya ɗaga yatsun ya jira. Sai na kama nasa damtsen na mayar masa daidai, sannan ya ba ni gaɓa ta gaba. In ban mayar ba, ko na yi kuskure, ba ya magana, ba ya wucewa, sai ya sake daga farko, ko sau ɗari ne. Ya ce haka ubansa ya yi masa, haka aka yi a cikin jirgin da ya kawo kakansa daga Indiya, inda babu ganga kuma aka hana su hayaniya. Duk taken gidanmu ta nan na karɓe su. Uku, ɗaya mai nauyi, biyu da sauri: na zauna na bi duk abin da ya taɓa ba ni, babu mai wannan farkon. Taken Jirgi ne, Didi. Ke yake ba wa. Tsayawar nan da yatsun suke yi a sama, amsarki yake jira.

Ki mai da kujerar. Ki ba shi hannunki, in ya ɗaga yatsu ki kama nasa ki mayar masa. Zai ci gaba da kansa.

Maganar gado kuwa, ba haka nake nufi ba, Ubangiji shaida. Na ce ki daina roƙo ne don na san ba a karɓarsa da baki, na ɗauka kin gane. Ya kamata in faɗa miki yadda ake yi tun a Afrilu. Layi uku ne, ban rubuta ba, don a raina ina ganin ni zan zo in karɓa. Wannan laifina ne, ba naki ba.

Ki ce masa Budram ya ce ya zaɓi wanda ya fi. Ki rubuto mini ranar da kika samu wannan.

Budram

Barrackpore
2 ga Oktoba, 1988

Ƙanena,

Sita Ram. Ina lafiya. Tanti Rukmin tana lafiya, tana yi maka ta'aziyya. Baba ya rasu ranar Alhamis, takwas ga Satumba, da hantsi. Wasiƙarka ta iso ranar sha tara.

Ina gefen hagu lokacin, ina fifita masa ruwan dal. Ban ma san ya tafi ba sai da na kai cokali. Hannun daman yana kan zani, yatsu biyu a ɗage.

Ranar Asabar muka ƙone shi a bakin teku. Ɗan wani ɗan'uwansa daga Penal ne ya sa wutar, tunda ba ka nan. Tsofaffin makaɗa sun zo da yawa, wasu suna dogara sanda, sun buga abin da suka sani. Da aka zo wurin da ya kamata a buga Taken Jirgi, sai suka tsaya, suka yi ta duban juna. Wani tsoho daga Debe, wanda ya ji Baba ya buga wa ubansa shekara talatin da biyar da suka wuce, ya matso ya ce mini, "Ɗiyar Jagessar, wa ya karɓa?" Na ce babu. Ya ce, "To, shi ke nan," ya koma ya tsuguna. Wutar ce kawai take ƙara har aka watse.

Ranar da takardarka ta zo ina tsakar gida ina tsintar shinkafa don abincin sadakar kwana goma sha uku. Na karanta a tsaye. Tanti Rukmin ta ce ta ga na shiga ɗakinsa na ɗauki kujerar na mai da ita gefen dama, na zauna, gadon kuwa ko katifa babu. Ni ban tuna ba. Da na karanta mata, ta ɗora hannu a ka tana cewa ita ce ta cuce ni. Na ce ba ita ba ce. Nas ma ba ita ba ce, abin da aka koya mata ta faɗa. Kai ma kada ka ɗauka duka, ka bar mini rabona. Ni makaɗiya ce, Budram. Yara ɗari biyu nake cewa su buɗe kunne, Verna in ta yi kuskuren rabin bugu ina ji daga bayan banɗaki. Wata biyu ubana yana buga mini take a jiki, uku, ɗaya, biyu, ba ya taɓa canjawa, har na iya ƙirga maka shi a wasiƙa, na ce jijiya. Ban taɓa kawowa a raina zai ba ni ba. Da a damtsen wani na ga yana yi, da a rana ɗaya na gane.

Na yi ta tunanin in rufe rumfar in bar makarantun. Mista Cudjoe ya zo har gida, bai ba ni haƙuri ba, ya dai ce yara suna tambaya ko malama ta mutu ita ma. Sai na koma ranar Talata.

Ban kunna wuta ba ranar, ban fito da ganga ko ɗaya ba. Na zaunar da su biyu-biyu a ƙasa, na ce kowa ya naɗe hannun riga. Na kama damtsen Verna na buga mata, na ɗaga yatsu. Ban ce mata komai ba. Yarinyar nan ta dube ni, ta dubi hannuna, ta kama shi ta mayar mini, daidai, tun a karon farko. Shekararta tara. Na tashi na fita, Misis Alleyne ta riƙe ajin har na dawo.

Na san mutum ɗaya ake ba wa, na san kuma abin da Baba zai ce a kan 'ya'yan kowa da kowa. Amma gaɓa ɗaya ce a hannuna, bugu shida, kuma na ga abin da ajiya a kai ɗaya take jawowa. Makarantu biyar duk sun iya shi yanzu. In ka ga na yi laifi, ka faɗa, zan ɗauka.

Jiya Asabar na gwada su da ganguna a zauren unguwa, tassa tara, babbar ganga biyu, da na Cudjoe a baya. Na ba Verna ƙaramar tassar Baba, ni na gasa mata. Suka buga uku, ɗaya mai nauyi, biyu da sauri, suka ɗaga sanduna gaba ɗaya kamar yadda na nuna musu. Suka tsaya haka, hannuwa a sama, suna kallona.

Wani ƙaramin yaro a layin gaba ya gaji da riƙewa, ya ce, "Malama, daga nan sai me?"

Na ce, "Daga nan ne na danne masa hannu."

Ba su gane ba, amma babu wanda ya sauke sanda.

Kada ka yi gaggawar zuwa Diwali, ka jira takardarka. In ka zo, ka zo da damtsenka, bugu shida ne kawai, ba za mu daɗe ba.

Didinka,
Samdaye